Nonon da Adawiyya Ta Sha

"Auren nan haramun ne!"

Muryar Goggo Uwaliya ce ta tsaga tsakar gidan. Ko tabarmin masu ta'aziyyar Baba ba a naɗe ba.

Adawiyya ta ɗago idanunta da suka kumbura.

"Goggo... wane aure?"

"Naki da Mahbub. Nono ɗaya kuka sha! Da uwarki ta rasu wajen haihuwarki, Gude aka kai ki gun Indo, uwar yaron nan. Duk Gwarzo an sani. Yayana ya yi shiru, ni ba zan yi ba. Yanzu Shari'a ake yi. Ko ku fasa, ko in kira Hisba!"

Sabuwa, 'yar Goggon, tana bayanta tana ɓoye murmushi. Ta daɗe da sa ido a kan Mahbub.

Adawiyya ta faɗa ɗaki.

Baba ne da bakinsa ya sa ranar auren kafin ciwo ya kwantar da shi. Ya sani ya yi shiru? Har haka ya ƙi ta?

Ita ce 'yar fari. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zaunar da ita kusa da shi ba. Kunya ce irin ta gidansu, in ji mutane. Ita dai ba ta taɓa yarda ba.

Bayan la'asar Mahbub ya yi sallama a zaure.

"Ada, kalle ni."

"Da wane ido? Wai kai yayana ne..."

"Ƙanne ina da su har sun ishe ni. Mata nake nema."

"Mahbub, in gaskiya ne fa?"

Ya daina murmushi.

"In gaskiya ne zan haƙura. Amma sai na ji daga bakin Inna."

Washegari Bappa Jalo, ƙanen Baba, ya kwashe su biyun a motar haya zuwa Gude, har da Goggo da limamin unguwa.

Inna Indo ta saurari zancen har ƙarshe. Sannan ta kama hannun Adawiyya.

"Ban shayar da ke ba. Ko ɗigo."

"Ƙarya!" in ji Goggo.

"A kawo min Alƙur'ani, Uwaliya. Jaririna ya rasu a lokacin, shi ya sa aka kawo ta. Amma baƙin ciki ya ƙafar min da nono. Madarar gwangwani kuwa, shekarun tsuke bakin aljihu ne, ko a birni sai mai hanya. Yarinyar nan ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sai ga ubanta da akuya."

"Akuya?" Adawiyya ta maimaita.

"Mai shayarwa. Ya ce wa mutane ƙwadagon noma ya zo yi Gude. Shi yake tatsa, shi yake dafawa. Ya kai ki bayan rumbu ya ɗora a cinya, yana ɗiga miki da yatsa. Ni in na ba ki sai ki furzar. Hannunsa kaɗai kika yarda da shi. Har waƙa yake yi miki, da muryar nan tasa mara daɗi."

Adawiyya ta matso kusa da ita.

"Baba...?"

"Shi. Ya rantsar da ni kada in faɗa. Namiji da 'yar fari a cinya? Da dariyar dangi ta kore shi daga gari. Shi ya sa ya bar kowa ya ɗauka ni na shayar."

Goggo ta taɓe baki.

"Uwa ce. Ɗanta take gyara wa hanya."

Bappa Jalo ya yi gyaran murya.

"Akuyar tawa ce, Uwaliya. Alkawari ne ya ɗaure min baki jiya. Ni na taɓa iske shi bayan rumbun can, ya goya yarinyar nan da zanin Indo, yana jijjiga. Ya ce in na faɗa, ba shi ba ni."

"Yaya? Da goyo?"

Dariya ta ƙwace wa Goggo. Kafin ta gama ta koma kuka. Ta jawo Adawiyya jikinta.

"Ki yafe min, 'yar nan. Wallahi ni ma ban san shi ba."

Sabuwa ta sulale waje.

Liman ya gyara rawani.

"Nonon dabba ba ya haramta aure. Rana tana nan yadda marigayi ya sa."

"Alhamdulillah!" Inna Indo ta rangaɗa guɗa, Bappa na hararar ta don ana makoki.

Mahbub ya samu Adawiyya a bayan rumbun. Ta dafa bangonsa da hannu biyu.

"Ashe akuya ce surukata," ya ce.

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ka daina..."

"Dusa zan kai gaisuwa, ko harawa?"

"Masoyi."

Ya nutsu.

"Na'am, Ada."

"Ni ba a bari na shiga maƙabarta. Gobe ka je, ka tsaya a kan kabarin Baba, ka yi masa addu'a sosai."

"Zan je."

"In ka shafa, ka sunkuya ka ce masa na ji. Ka ce masa na gode."