Koriyar Fitilar Nagoya

Tun farko ku sani, ni Idrisu na girmi Gwadabe da shekara huɗu, na riga shi buɗe shagon kayan mota a unguwar Ogui ta garin Inugu, kuma ko makaho ya shafa ya san na fi shi kyan gemu. Amma don ya je Japan sau biyu sayen injin tokumbo, wato na hannu, duk Inugu ba a jin maganar kowa sai tasa. Har mai shayin layinmu "Alhaji Japan" yake ce masa. Ni kuwa "Malam Idi", kamar wani mai gyaran rediyo.

Shi ya sa bara na bi shi birnin Nagoya, can Japan ɗin.

A can abin ya ƙara ci mini rai. Ya danna manhajar kiran tasi a wayarsa, minti uku mota ta tsaya, direba da farar safar hannu yana rusuna masa. Ya juyo yana yi mini karatu.

"Yaya Idi, kada ka taɓa ƙofa, direba ke buɗe ta daga mazauninsa. Ka dubi fitilar da ke jikin gilashin gaba. Ja, babu kowa. Kore, da mutum a ciki. Kuma ni ko kujera ba kowa sai na yi sallama."

"Ka ji ɗan ƙauye," na ce. "A ina aka taɓa yin ja ya zama izini?"

Ranar Alhamis ya shiga wanka, na ce bari in je masallaci ni kaɗai in dawo, in sami abin faɗa a Ogui. Ban da manhaja. Hannuna ya ishe ni.

Magariba ta kawo jiki. An yi yayyafi, titi na sheƙi. Motoci uku masu jar fitila suka wuce, na ƙyale su. Ta huɗu baƙa ce, fitilarta koriya shar. Na leƙa baya, babu kowa. Na ɗaga hannu.

Ta tsaya. Ban ji ƙarar birki ba.

Ƙofa ta buɗe da kanta. Na faɗa ciki, ba sallama, ba bisimilla, na miƙa wa direba takardar adireshi. Bai karɓa ba. Bai juyo ba. Farar safarsa kawai nake gani a kan sitiyari.

Ƙofa ta rufe. Tik.

Kujerar na lulluɓe da farin leshi, sanyi ƙalau. Sai na ji wani wari, irin na tsohuwar rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na shaƙa, na ce ƙila na ƙasarsu ne.

Muka sha kwana. Wani abu ya jingino a kafaɗata ta dama.

Na duba a hankali. Babu kowa. Amma leshin da ke gefena ya lotsa, lotsawar zaman mutum mai jiki. Ruwa na tsatsowa daga wurin, yana bin ɗinki, yana nufo babbar rigata.

Kore, da mutum a ciki.

Na kama hannun ƙofa na ja. Ko motsi. Na sake ja da hannu biyu.

"Direba! Abeg!"

Shiru. Ba ƙarar inji, ba ƙarar taya. Numfashi kawai, a hankali, kusa da kunnena. Ba nawa ba.

"Ba ka yi sallama ba."

Da Hausa. Raɗa-raɗa, kamar muryar tsohuwa daga ƙasan tulu.

Na buɗe baki in ja Ayatul Kursiyyu, muryar ta riga ni.

"Akwai wani ɗan garinku," muryar ta ce. "Shi yana gaishe mu. Mun san shi."

Jama'a, ku yi mini adalci. Ina tsakiyar mutuwa, amma sai da zuciyata ta yi zafi. Har aljanun Japan?

"Kai ka kawo shi, ko shi ya kawo ka?"

Fitilun titi suka ƙare. Ta gilashin gaba ba na ganin komai sai ruwa, baƙi, shimfiɗe. Motar ba ta rage gudu ba.

"Ai... tare muka zo."

Yatsu masu sanyi suka zagaye wuyan hannuna. Na ƙirga su. Sun wuce biyar.

"Wa ya kawo wani?"

Ruwan ya matso.

"Shi! Shi ya kawo ni! Ni yaron Gwadabe ne! Jakarsa nake riƙe masa!"

Tik.

Na tsinci kaina a durƙushe a ƙofar masaukinmu, rigata sharkaf ta ɓangaren dama kawai. Gwadabe na tsaye da tawul a wuya.

"Yaya Idi, ina hularka?"

"Na yi sadaka da ita," na ce.

Bai ƙara tambaya ba. Wannan ma ya ba ni haushi.

Da muka dawo Inugu, ranar farko majalisa ta cika a shagona. Na gyara zama, na shafa gemu, na ce ai ni na riƙa nuna wa Gwadabe hanya a Nagoya.

Ƙofar ƙarfen shagon, wadda sai ƙato biyu ke tura ta, ta buɗe a hankali. Ba iska. Warin rijiya ya shigo, benci ya yi ƙara a gefena na dama.

Na ce, "Salamu alaikum." Mutane suka amsa suna kallon juna.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni labarin Japan, sai in fara duban ƙofa, sannan in ce gaskiya Gwadabe ya ɗan taimaka. Ɗan kaɗan dai.

Ga ta nan tana motsi.

To, Alhaji Japan. Shi ya yi komai. A bar ni haka nan.