Hajjin Kwana Arba'in

Karimatu na tsakar gida tana tankaɗe, sai ga mahaifinta, Alhaji Tambari na Ƙofar Marke, ya shigo yana huci.

"An fasa auren! Ba ni ba maƙaryaci ɗiyata!"

Rariya ta suɓuce mata. Jiya-jiya Jinaidu mai fataucin shanu, wanda aka yi musu baiko, ya dawo daga aikin hajji.

"Kwana arba'in, wai har ya tahi Makka ya komo! Ni shekara bakwai niy yi bisa hanya. Na taka ƙaya a Wadai, na tsinci auduga a Sudan, jakina ya mace a gabana. Wanga yaro ko kaushi babu ga ƙafarshi!"

"Baba, jirgin sama ya shiga," ta ce, kanta a ƙasa. "Kano zuwa Jidda mil dubu biyu da 'yan kai ne, ga fasfo, ga tikiti..."

"Takardar Nasara! Kano yal laɓe, yas sayi dabino a Fagge!"

Kafin sati, unguwa ta raɗa wa Jinaidu suna Alhajin Fagge. Karimatu ta yi kuka har ta rame, ba ta ƙara tanka wa mahaifinta ba. Amma abin ya tsaya mata a rai: ashe tafiyar shekara bakwai tana yiwuwa a yini da kwana? Idan Jinaidu ya iya ƙarya da Ɗakin Allah, ita wace ce?

Ran Juma'a Alhaji ya sa aka kira Jinaidu zaure. Karimatu ta laɓe bayan ƙyaure.

"Ɗana," in ji tsohon cikin murya mai zaƙi, "tunda ta sama kab bi, ai ka ga jan dutsen nan mai hayaƙi da ke tsakiyar teku?"

Sau ɗari Karimatu ta ji labarin hajjin Baba, babu wani dutse a ciki. Tarko ne!

Jinaidu ya sunkuyar da kai.

"Baba, wallahi ban ga komi ba. Tun da injin ya tashi nir rumtse ido. Amai nika yi har Hartum, wata tsohuwa 'yar Dundaye na riƙe mini kai tana ce mini raggo."

Alhaji ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya kwance.

"Ya tahi! Maƙaryaci ba shi ƙaga ma kainai amai! To, alhaji ne kai, amma ƙarami. Wajen zama, bayana za ka zamna."

Bayan sallar Gani aka ɗaura aure. 'Yan mata da samari, ku lura: gaskiyar da ta kunyata Jinaidu ita ta ba shi mata, haƙurin Karimatu kuma bai faɗi ƙasa banza ba.