Akuyar da Ta Rage a Tafkin Gangara

A shekarar da fari ya cinye shanun Gangara, magariba ta sauka a gidan Nomau shiru kamar kullum. Matarsa Dija tana tatsar akuyar da ta rage musu, wadda nononta kaɗai ke riƙe da ran ƙaramar 'yarsu Balki. Sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryar. Na biyu ya fasa goshin Dija. Duwatsun da zafi suke, suna warin man jirgi.

Kowa ya san warin nan. Kwanakin baya wani ƙaramin jirgin sama ya zo yana tari, injinsa na mutuwa, ya nufi busasshen tafkin bayan gari zai sauka. Yana dab da ƙasa sai ya karkace ya daki tsohuwar kuka, wuta ta tashi. Matuƙin da abokinsa suka ƙone ƙurmus.

Kafin duhu ya rufe, Balki ta faɗi tana buga kai da turmi. Yarinyar da yunwa ta mayar kamar sillen kara, ita ce ta yi jifa da ubanta har ya karye a hannu. Abin tausayi, abin tsoro.

Aka kira Malam Barmo. Ya danne ta, ya yi ta karatu har muryar wata tsohuwar aljana ta fito daga bakinta.

"Mi kike so ga ɗiyar mutane?" in ji Malam.

"Ɗiyana sun ƙone cikin kukar da jirgi ya daka. Tambayi Nomau, wa ya shiga tafki yana kaɗa riga?"

Nomau ya durƙushe yana kuka. "Akuyata na tsakiyar wurin, Malam. Na yi wa mai jirgin alama ya kauce mata, shi ke nan."

"Ya kauce," in ji muryar. "Yanzu ɗiyarka nike so."

Malam ya ƙara karatu, yarinyar na ihu, jini na zuba daga hancinta. Da ƙyar aljanar ta sauko.

"To, ya ba ni abin da ya fifita bisa rayukanmu."

Da hannu ɗaya Nomau ya yanka akuyar, Dija na riƙe mata ƙafafu. Balki ta yi atishawa, jikinta ya saki, warin ya ɗauke.

Can ta buɗe ido, ta dubi uwarta da 'yar muryarta ta kullum.

"Inna, yunwa nike ji. Ina nonona?"