Kunci a Bangon Abidos

Ranar da Aminullahi ya fara shiga ofishin tafiye-tafiyen nan na unguwar Rusaifa a Makka, da fenti a faratansa ya shiga. Faratan kuwa Rawan ta fara kallo kafin fuskarsa.

"Jidda zuwa Kano ko?" Ba ta ma bari ya zauna ba.

"Luksor."

Ta ɗago. Ita 'yar Malam Yunus ce na unguwar Tandabawi, a Makka aka haife ta, a Makka aka haifi ubanta. Shekararta biyu a teburin nan ba ta taɓa ganin ɗan aikin da ya zo daga Najeriya ya nemi wani wuri ba gida ba.

"Luksor ta Masar? Me ka ajiye a can?"

"Abin da kuka liƙa a ƙofa." Ya nuna hoton wani rufi shuɗi mai taurari. "Tafiyar yini guda daga Luksor, Dandara da Abidos. Ko ado ne kawai?"

"Ya akhi, gidajen gumaka ne. Ba mai zuwa sai Turawa masu gajeren wando."

"To yau kin samu Bakano mai dogon wando. Ni mai fenti ne. Bangon da na shafa bara a unguwar Mansur har ya fara ɓarewa, wannan kuwa shekara dubu biyu yana nan. Ke da kike sayar da tafiyar, kin taɓa zuwa?"

Ba ta taɓa ba. Haushin tambayar ya sa ta dinga dukan kwamfuta kamar ita ta yi mata laifi. Ta karɓi lambarsa don aikin ofis, ta ajiye ta da sunan "Fir'auna".

Ranar tafiyar, tun da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Mai tsiwa, na iso Dandara. Mu bakwai ne kacal a wurin. Shuɗin nan ya fi na hotonku, ku sake mai ɗaukar hoto."

"Ofis ne nan, ba gidan yayarka ba," ta mayar.

Bayan azahar wani ya biyo.

"Abidos. Wallahi mutanen nan sun ɓata a addini, amma hannunsu bai ɓata ba. Bangon sumul, ko tudu ɗaya babu. Na ji kunyar kaina."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Ba ta saba jin namiji ya ce ya ji kunyar aikinsa ba. Ta rubuta, ta goge, a ƙarshe ta aika: "Ka sha ruwa dai, kada ka mutu mana a lissafin ofis."

Daga nan faɗan bai tsaya ba, kuma ba wanda ya so ya tsaya. Tana yi masa gorin Larabcinsa na kasuwa, yana yi mata gorin Hausarta da ke ɗingishi. Wata biyar ana haka, sai ga shi ranar da bai tsokane ta ba abinci ma ba ya yi mata daɗi. Son shi take yi, ta kuma sani, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Da ya aika manya gidansu, Malam Yunus ya yi sanyi da maganar. Ɗan iƙama ne mai zama da takarda, in ji shi, yau yana nan gobe kafilin da ya tsaya masa ya sallame shi. Ga kuma Mish'al, ɗan ƙanen Malam Yunus, da ya daɗe yana zagaye gidan saboda Rawan da turare da sabuwar mota. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, Mish'al kuwa ya iya neman tsaga.

A shafin ofishin su Rawan ya samo ta, cikin hotunan da jagoran tafiyar ya turo. Ga Aminullahi ya manna kuncinsa a bangon Abidos, tafin hannunsa a shimfiɗe, idonsa a lumshe, a saman kansa zanen wani mai jikin mutum da kan tsuntsu.

Duk wanda ya tashi a Makka ya san inda ake manna kunci haka. A jikin Ka'aba ne, ana kuka ana roƙo. Da Mish'al ya kai masa, Malam Yunus ya kalli hoton sau ɗaya ya kife wayar. A ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban jama'ar unguwa, ya ce ba zai ba mushriki 'yarsa ba.

Rawan ta ga hoton ita ma. Ta yi kuka, sannan ta yi abin da ya fi kukan muni.

"Aminu, ka gaya mini gaskiya don Allah. Me kake roƙo a wurin?"

Amsar ta zo bayan awa guda. "Ke ma?"

Washegari ya zo gidan da kansa, da kayan aiki a jikinsa. Aka shigar da shi majalisi, ɗakin baƙi. Mish'al na gefe yana kaɗa ƙafa, Rawan na bayan labule tare da mahaifiyarta.

"Ammi, ga shi nan, ya musa in ya isa," in ji Mish'al, yana kallon baffan nasa.

Aminullahi bai ko kalle shi ba. Ya gaida Malam Yunus, ya miƙe ya nufi bangon majalisin, ya manna kuncinsa, ya shimfiɗa tafinsa, ya rufe ido ɗaya.

"Baba, wanda ya yi maka bangon nan ya cuce ka. Tudu uku ne daga nan zuwa taga. Daga tsaye ba a gani, sai an kwantar da ido. Taso ka duba."

Tsohon ya dubi bangon. Ya taso da ƙyar, ya manna nasa kuncin, ya rufe ido. Ga tudun nan kuwa, uku cif.

"Haka maigidana ya koya mini a Kano tun ina ɗan sha biyu," in ji Aminullahi. "Haka na yi a Abidos, har mai gadi ya daka mini tsawa don an hana taɓawa. Wannan laifin na yarda da shi. Amma Baba, yanzu da wani ya ɗauke ka hoto, me za a ce kana bauta wa?"

Malam Yunus ya janye kuncinsa daga bangon. Ƙafar Mish'al ta daina kaɗawa.

"Talaka ne ni, baƙo ne ni, duk na ji. Amma da kalmar shahada uwata ta yaye ni." Ya juya wajen labulen, muryarsa ta yi ƙasa. "Su ba su san ni ba. Wanda ya san ni ya tambaya, shi ne ya fi ciwo."

Ya sa takalminsa ya fita, ko gahawar da aka zuba masa bai taɓa ba.

Kwana tara Rawan na aika saƙo.

"Na yi kuskure. Zato zunubi ne, na ɗauka."

"Fir'auna, ka zage ni ma na yarda, shirun ne ba na iyawa."

"Habibi. Ka ga har na faɗa. Ka amsa."

Yana karantawa, ba ya amsawa. Taurin kai dai Allah ya ba shi rabonsa, ita ma ba ta isa ta yi masa gori a nan ba.

A rana ta goma Malam Yunus ya aika a ce wa Aminullahi ya zo sallar la'asar a masallacin unguwarsu. Da aka sallame, tsohon ya tsaya a ƙofar nan dai, ya riƙe hannunsa gam, ya jira jama'a suka taru.

"A nan na kira yaron nan da sunan da ba nasa ba. Magana zarar bunu ce, ba zan iya mayar da ita ba. Na yi masa ƙazafi, ina neman yafiyarsa a gabanku. In har yanzu yana son Rawan, na ba shi."

Aminullahi ya sunkuyar da kai. Ganin dattijo mai furfura yana roƙonsa ya karya duk abin da ya ƙulla a zuciya, hawaye suka zubo masa. "Na yafe, Baba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Kafin magariba wayar Rawan ta yi ƙara.

"Mai tsiwa, na huce. Amma ki sani, sai kin yi shekara kina biya."

"Tayyib. Ni ma ina da lissafin kwana tara."

Takardun aure suka ja watanni, kamar yadda suka saba. Bayan Babbar Salla aka ɗaura, mutanen Tandabawi da na Mansur suka cika gidan maƙil, Mish'al ya aiko da uzurin ciwon kai. Malam Yunus ya haɗa hannayensu biyu cikin nasa.

"Ku yi ta faɗanku, na ga shi ne abincinku. Zargi kawai na hana ku. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Ɗakin ya amsa da amin. Ta amarya ce ta fi ta kowa ƙarfi.