Audugar Kafaɗar Bara'atu

Bara'atu na zazzage akwatin lefenta tana neman majanyi, sai ga wata tsohuwar riga shuɗiya ta faɗo. Ta taɓa kafaɗar hagu. Audugar da marigayiya Inna ta cusa a ciki tana nan, ta dunƙule kamar curin fura. Ta zauna a bakin gado, kewar Inna da gidansu na Unguwar Gai ta taso mata.

Tana 'yar shekara goma sha biyu bayanta ya fara karkacewa, kafaɗar dama ta ɗara ta hagu. Wasu suka ce ɗaukar tulu ne, wasu suka ce iska ce. Mai ɗori ya ja, ya murza, ya shafa man shanu, a banza. Da Inna ta rasa dabara sai ta koma ga allura da zare, kowace riga ta cusa mata auduga a kafaɗar da ta sauka, hijabi ya rufe sauran.

"Kada ki kuskura ki faɗa wa kowa! Bakin mutane ya fi reza kaifi," in ji Inna.

Shekara bakwai ana haka, har Sagiru, malamin firamare daga Rurum Tsohon Gari, ya fara zuwa zance. Allah sarki, waɗannan la'asar ɗin! Yana fere mata rake a zaure, yana tsokanarta da malama mai babban hijabi. Sau uku tana shirin faɗa masa, tsoro ya ɗaure mata harshe.

Aka sa ranar aure. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A dangin Sagiru ba a kai ɗinkin amarya waje, gwaggonsa Rahma tela ce, ita ke awo da hannunta. Ta zo, ta sa aka cire hijabi, ta ɗora tef a kafaɗa, sai yatsanta ya lume.

"Ke! Mene ne wannan? Auduga?! Sunkuya mu gani."

Bara'atu ta sunkuya, haƙarƙarin dama ya tuso sama. Gwaggo ta naɗe tef ɗinta, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

Kafin kwana biyu saƙon Hajiya Kulu, mahaifiyar Sagiru, ya iso: "A fasa! Bayan da bai miƙe ba, da me zai goya min jika? Ga kuma ha'inci!"

Ranar Juma'a Sagiru ya zo, babu rake.

"Bara'atu, wallahi ba bayanki ne ya ƙona min rai ba, audugar ce. Ashe ba ki yarda da ni ba?"

Ta fashe da kuka. "Na yi kuskure, Yaya Sagiru. Tsoro nake ka gudu."

"To ga ni, ban gudu ba. Ba zan saɓa wa Hajiya ba, amma kuma ba zan nemi wata ba. Share hawayenki, asibiti za a je."

Da kyar ya lallaɓo Hajiya ta bi su Kano tare da Bara'atu da Inna, ta ji da kunnenta. A asibitin ƙashi likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna musu.

"Ba tulu ba ne, ba iska ba ce. Ƙashin baya ne ya tanƙware lokacin da take girma. Da kun kawo ta tana ƙarama, rigar roba mai tauri za mu sa mata ta riƙe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yanzu kam sai tiyata, a sa ƙarafa su miƙar da shi."

Inna ta rufe fuska da mayafi. "Ni na cuce ta, likita. Ni da allurata."

Hajiya Kulu ta gyara zama. "Za ta haihu? Za ta yi goyo?"

"In Allah ya so, Hajiya, idan ta warke."

Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Aka yi aikin, Bara'atu ta sha wuya, ta koma koyon tafiya tana dafa bango. Aka nuna wa Sagiru 'yan mata har uku, kowacce ya ce Allah ya ba ta miji nagari. Sai da aka ci shekara da rabi, ran nan kwatsam sai ga Gwaggo Rahma da tef ɗinta, Hajiya ta aiko ta.

"Miƙe, 'yata. Kai, aiki ya yi! Amma da ɗan saura a kafaɗar nan, ko a ɗan cika?"

"A'a Gwaggo. Ɗinka ta yadda Allah ya bar ni."

Wannan amsa, in ji Gwaggo daga baya, ita ta ƙarasa saye zuciyar Hajiya, aka ɗaura aure.

"Bara'atu! Majanyin fa? Muhsina na kuka!"

Muryar Hajiya ce daga tsakar gida ta dawo da ita. Ta mayar da rigar, ta fito ta sunkuya. Hajiya da kanta ta ɗora mata jaririyar, ta ja zani, ta ɗaure majanyi, ta daɗe hannunta na kan bayan.

"Ki yafe min abin da na ce da bayan nan, 'yata."

Daɗi ya cika Bara'atu, ina ma Inna na raye ta gani. A ranta ta ƙudura, duk shekara sai ta sunkuyar da Muhsina ta duba bayanta. Ciwon da aka ɓoye shi ke girma, gaskiya kuwa ba ta korar masoyi na ƙwarai. Mahaƙurci mawadaci.