Sunan Yaya Harun a Cikin Gem

Muryarsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa.

Wata Asabar ce da la'asar, a zauren ɗalibai da ke unguwar Fallowfield a Manchester. 'Yan Arewa na jami'a sun shirya gasar gem, ita kuwa Shifa ziyara ta kawo wa 'yar kawunta Latifa daga Birmingham, Latifar ce ta jawo ta wurin. Wani dogon saurayi mai gilashi ne ke rubuta sunayen masu shiga.

"Sannu da zuwa. Sunana Junaidu," ya ce yana murmushi. "Wannan na yaƙi ne, yana da zafi. Amma akwai na gona da shirya gida a waccan kusurwar, 'yan mata sun fi son shi."

Ta san muryar nan. Shekara ɗaya da rabi tana jin ta a hedifon, a ɗakin yayanta Harun.

Yaya Harun ya yanke jiki ya faɗi ne a filin ƙwallo a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, zuciyarsa ta tsaya yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Bayan sadakar arba'in Shifa ta shiga ɗakinsa ta kunna na'urar gem ɗinsa don kawai ta ga sunansa ya haskaka. Sai ga saƙo daga abokin wasansa na Manchester, wanda ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba: "Mutumina, ina ka shige haka?" Ta kasa rubuta cewa ya rasu. Sai ta rubuta, "Mayik ɗina ya lalace." Tun daga ranar take buga gem da sunan mamaci. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne daɗin da take ji. Lokacin da take shiga da sunanta, daga an ji muryar mace sai zagi da "koma kicin". Da sunan Yaya kuwa ba wanda ya taɓa tanka mata.

"Rubuta ni a na yaƙin," ta ce.

Samari biyar ta fitar a jere, na shida Junaidu da kansa. Ya ajiye pad ɗin da ake sarrafa gem da shi yana kallonta kamar wanda ya tuna wani abu ya kasa kamawa.

"Wallahi na janye maganata, Kyaftin. Wa ya koya miki?"

"Yayana," ta ce, ta sunkuyar da kai.

Kafin ta hau jirgin ƙasa ya karɓi lambarta wajen Latifa. Tana isa unguwarsu Sparkbrook saƙonsa ya shigo:

"Kyaftin, ina neman afuwa. Kuma bari in tona wa kaina asiri: gonar nan da na tura ki, tawa ce. Ina da kaji arba'in da saniya mai suna Hajiya. Kada ki faɗa wa kowa."

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta mayar masa: "Asirinka a rufe yake, Sarkin Noma. A gaishe da Hajiya."

Wata huɗu suka yi a haka. Ran Lahadi yakan zo Birmingham tare da Latifa su ci abinci a Stratford Road, ya ba ta labarin digirinsa na ƙera gem, da yadda malaminsa ya ce jaruma mace ba za ta sayu ba sai an rage mata tufafi. Ran Laraba kuwa takan zauna a kujerar Yaya, shiru, ta saurare shi yana gaya wa "Harun" sirrinsa.

"Mutumina, na haɗu da wata 'yar garinku. In na ji muryarta sai in ji kamar na dawo gida. Ka taya ni addu'a."

Hawaye suka ɗiga a kan pad. Ta ji kamar Yaya na tsaye a bayanta, yana kallon abin da take yi da sunansa. Rigarsa ta ƙwallo na nan rataye a bayan ƙofa, har yanzu da ƙamshin turarensa.

A gida kuma Abbanta, Dakta Bara'u, wanda ya shekara ashirin yana aikin likita a Ingila, ya riga ya nuna inda zuciyarsa take. Falalu yake so, ɗan amininsa, injiniya mai natsuwa. Da ta ambaci Junaidu sai ya ajiye cokali.

"Mai ƙera gem? Abin da ya raba ni da ɗana yana raye? Yana ɗaki a rufe, ni ina falo, har Allah ya ɗauke shi ban zauna da shi na ƙoshi ba. Kada in sake jin wannan magana, Shifa."

Falalu ma da ya zo gaisuwa ya ce mata cikin raha, "In an yi biki ai sai a ba yara pad ɗin nan. Mace da harbe-harbe ba tsari."

Washegari ta rubuta wa Junaidu saƙon da ya fi kowanne nauyi:

"Sarkin Noma, Harun abokin wasanka yayana ne. Ya rasu shekara biyu ke nan saura kaɗan. Ni ce nake wasa da kai tun daga lokacin. Na ji duk abin da ka gaya masa. Ba ni da hujja, na kasa sakin sa ne kawai. Ka yafe mini."

Alamar an karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba.

Kwana tara ta yi tana duba waya a bas, a wurin aiki, a kan sallaya. A rana ta goma, bayan sallar Juma'a, aka buga ƙofa. Junaidu ne, idanunsa jajur, ya ce Abba yake son gani. Ya durƙusa a falo, Shifa da Ummanta na tsaye bakin ƙofar kicin.

"Abba, ba maganar aure ta kawo ni ba. Ta'aziyya na zo yi, a makare. Shekara uku ina abota da Harun. Ina ajiye wasanninmu don karatuna, to akwai muryarsa a ciki. Na ga ku kuka fi ni cancantar ta."

Ya danna wayar. Dariyar Harun ta cika falon, sak kamar yanzu ya sauko daga bene. Umma ta dafe bango.

"Kai, ka yi sa'a ba ƙanwata ce a nan ba," in ji muryar. "Ta fi mu iyawa duka, 'yan iska ne suka kore ta da zagi. Tsaya, tsaya, Abba ya dawo, bari in je in karɓar masa jaka. Mutumin nan yana gajiya wallahi."

Dakta Bara'u ya cire gilashinsa.

"Sake sa min," ya ce a hankali.

Sau huɗu aka sa. Daga nan ya miƙe ya ce wa Junaidu, "Taso, ɗana, in kai ka ka ga inda yake kwance."

Da suka dawo daga maƙabarta Junaidu ya same ta a ƙofar gida.

"Na ji zafi, Kyaftin, ba zan ɓoye miki ba. Kwana tara ina kukan aboki, ina fushi da ke, ina kewarki, duk a haɗe."

"Ka yafe?"

"Na yafe, zumata. Amma ki bar shi ya huta. Ki zo da sunanki, duk wanda ya zage ki mu biyu zai tarar."

A ranar ta rufe asusun Yaya na gem, Umma na riƙe da kafaɗarta.

Abba da kansa ya ba amininsa haƙuri kan maganar Falalu. Bayan babbar sallah iyayen Junaidu suka zo daga Manchester mota uku, aka ɗaura aure a wani masallaci da ke Sparkbrook, ana yayyafi. Da za a tafi da amarya, Abba ya kama hannunta ya sa a na mijinta.

"Ɗaya Allah ya karɓa, ga shi ya ba ni wani. Junaidu, ga amana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya ji ƙan wanda ya haɗa ku bai sani ba."

Duk falon aka amsa da amin. Shifa ta kifa fuskarta a kafaɗar Abba ta yi kuka mai isarta, ba wanda ya ce ta yi sauri.