Wanda Ya Kama wa Arzika Madubi

Shekara ashirin Arzika yana aikin gilashi a Tambuwal, bai taɓa sauke babban madubi shi kaɗai ba. Na gidan marigayi Alhaji Dada kuwa ya fi mutum tsawo, an manne shi a bangon makewayi, magada suna so a cire shi lafiya.

Magariba ta kawo jiki. Ya aiki ƙanensa Mudassir neman bargon naɗewa, ya lafta wa gilashin salatef, ya zura waya ta baya yana yanka gam. Sai da ya yi nisa ya tuna bai yi addu'ar shiga ba.

Madubin ya saki ba shiri, ya taho masa a ƙirji, ya tare masa gani. Kafin ya danne shi, aka tallabe ɗaya gefen. Arzika ya yi ajiyar zuciya, a zatonsa Mudassir ne ya dawo. Shirun bai dame shi ba, ai ba a hira a makewayi. Yatsu kawai yake hange a bakin gilashin suna ɗigar ruwa, alhali famfon gidan ya shekara a bushe.

Sai ga Mudassir a bakin ƙofa, bargo a kafaɗa.

"Yaya, wa ak kama maka?"

Arzika ya buɗe baki, ya tuna nan ba a ambaton sunan Allah. In ya saki, gilashin zai sare masa ƙafafu. Ya ja madubin wajen ƙofa. Daga can gefen aka ja a hankali, ana mayar da madubin bango.